Ranakun Da Ba Ta Shafa Mai

Shafi na 11

Masu cewa shafin jiya ya yi gajarta, na ji. Ga wannan, na ja shi iya ƙarfina.

*

Gwiwar hannunta ta yi fari fat, kamar an barbaɗa mata toka.

A madubin lif Huseina ta hango, lokacin da ta ɗaga hannu za ta gyara mayafi hannun abayar ya zame. Ta yi sauri ta janyo shi, duk da ita kaɗai ce a ciki. Da Umma za ta ga gwiwar nan, da unguwa ta ji su. A gidansu na Kano ana yafe wa yarinya ta fita ba ta karya ba, amma ba a yafe mata ta fita babu mai a jiki. Ga shi yau sati biyar, duk Lahadi da Talata, robar man kaɗen da ta zo da ita daga gida a rufe take wuni.

Lif ya tsaya a hawa na huɗu. Ta tura ƙofar gilashin da aka rubuta wa mata zalla da Larabci da Turanci. Kiɗa da sanyin AC suka tarbe ta tare.

Ɗakin ba wani babba ba ne. Madubi ya cinye bango guda, sai dogayen ƙarafa takwas masu sheƙi, kowanne ya tashi daga ƙasa ya kama silin. A unguwar Ulaya ta birnin Riyad wurin yake, a bayan wani dogon benen ofisoshi, in ba an nuna maka ba ba za ka ce akwai shi ba.

Ta rataye abayar, ta fito da gajeren wando da 'yar shimi. Har yanzu ba ta iya kallon madubin kai tsaye.

“Ya Husaina!”

Kabtin Nuf ce, mai koyar da su. 'Yar ƙasar ce, gajeriya, kafaɗunta kamar na wadda ta tashi a kan turmi. Ba ta gaisa ba sai da ta goga yatsa a damtsen Huseina ta duba yatsan.

“Krim?”

“La, Kabtin.”

“Kin tabbata?”

“Wallahi ko ɗigo.”

Matan da ke shimfiɗa tabarmin roba suka yi dariya, ita ma ta yi. Yanzu abin ya zama na dariya. Ranar farko kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage. Ta yi wanka ta mulke jiki da man kaɗe tun daga wuya har tafin ƙafa, don kada ta tuɓe a gaban Larabawa da jiki a bushe su raina ta. Tana kama ƙarfen ta sulale ƙasa kamar tarwaɗa. Wata 'yar Masar da ta hau bayanta kuma ta zame ta zauna daɓas, har sai da aka kawo mata ƙanƙara. Kabtin Nuf ta sinsina ƙarfen, ta sinsina hannun Huseina, ta ɗauko tsumma da abin feshi ta yi ta gogewa, aji guda na tsaye ana jira.

“Ƙarfen nan fata yake kamawa,” ta ce mata a ranar. “Ba ya kama mai, ba ya kama tufa. In kina son ya riƙe ki, ki ba shi fatarki a bushe.”

Ta koma gida ranar da niyyar ba za ta sake zuwa ba. Ranar Talata sai ga ta a tashar jirgin metro tun ƙarfe tara.

Me za ta zauna yi a gidan? Wata goma sha ɗaya ke nan da zuwanta Riyad. Musaddiq, mijinta, injiniya ne a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu. Ana idar da asuba yake fita, sai bayan isha zai dawo, ya ci abinci idonsa a kan laptop, barci ya kwashe shi a kujera. Digirinta na cikin akwati a saman wadrob, iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, a ƙarƙashin sunansa take, ba ta aiki ba ce. Ita da aka haifa da 'yar uwa, wadda ba ta taɓa kwana a ɗaki ba tare da numfashin Hassana a gefenta ba sai daren da aka kai ta, ta wayi gari tana wuni ba ta ji muryar kanta ba. Wani lokaci takan yi wa firij sannu in ya yi ƙara.

Da ta ga tallan wurin a waya, cewa ta yi da shi ta samu wurin motsa jiki na mata.

“To, Allah ya taimaka,” ya ce, bai ɗago ba.

Bai tambayi wane iri ba. Ita ma ba ta ƙara ba.

“Yalla, banat!” Kabtin ta tafa hannu tana kiran matan. “Yau zama za mu yi. Ki hau, ki matse ƙarfen da cinyoyinki, ki harɗe ƙafa, ki saki hannu.”

Huseina ta hau. Fatar cinyarta ta kama ƙarfen, zafi ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa, kamar ana mintsininta da filaya. Ta sauko. Ta sake hawa, ta sake saukowa. A karo na biyar Kabtin ta zo ta tsaya a ƙasanta.

“Karkata kaɗan. Haka. Saki na dama.”

“Zan faɗo.”

“Ina nan. Saki.”

Ta saki.

“Na hagu.”

“Kabtin...”

“Ya Husaina, na hagu!”

Ta rufe ido ta saki. Ba ta faɗo ba. Ta buɗe idon ta ga wata mace a madubi, can sama, hannuwa biyu a buɗe, ƙarfen na juyawa da ita a hankali. Sai da matan suka fara tafi sannan ta gane ita ce.

“Kawo wayarki,” Kabtin ta ce da ta sauko. “Wannan sai an ɗauka. Banat, ku matsa, kada kowa ta fito a ciki.”

Ta sake hawa, aka ɗauka. Sakan goma sha huɗu.

A ɗakin canza kaya ta zauna tana duba sabon wurin da ya yi ja a cinyarta. Gobe zai zama baƙi, ya shiga sahun sauran. Akwai a saman ƙafa, akwai a ƙwauri, akwai a bayan gwiwa, akwai wani babba a ƙasan damtse, duk inda ƙarfe ya matsa jini ya kwanta. Kabtin takan ce alama ce ana koyo. Huseina dai dogon hannu take sakawa a gida.

Tana jan zip ɗin jaka wayarta ta yi ƙara.

Anti Bilƙisu.

Aminiyar Umma ce tun makarantar kwana, nas ce a wani babban asibiti a nan, shekara kusan ashirin. Ranar da Huseina za ta taso, a gabanta Umma ta kira ta a waya ta ce, ga 'yarki nan, amana na ba ki.

“Anti ina wuni.”

“Kina ina?”

“Ina wurin motsa jiki, yanzu muka tashi.”

“Ki kamo mota ki zo gidana. Kada ki biya gida.”

“Lafiya dai, Anti?”

“In kin zo kya ji.”

Ƙit, ta kashe.

*

Takalman ta fara gani.

A bakin ƙofar Anti, a unguwar Malaz, manyan takalman aiki masu ƙarfe a baki, ƙura ta rufe su. Na hagun igiyarsa shuɗiya ce, ita ta zura wa Musaddiq da tsohuwar ta tsinke. A gefensu wasu 'yan silifa, lalle ya rina bakinsu.

Ƙarfe ɗaya na rana. Musaddiq bai taɓa barin aiki ƙarfe ɗaya na rana ba.

Ta yi sallama. Muryar Anti kaɗai ta amsa.

Yana zaune a bakin kujera da rigar aikinsa, katin shaidarsa a wuya, shayin da aka ajiye masa ya yi fata. A ƙasa kan kafet kuma Zouera ce, mai lalle da dilka, 'yar Damagaram da ke zaune a unguwar Jaradiya, wadda babu gidan 'yan Najeriya a garin nan da ba ta shiga. Tana ganin Huseina ta sunkuyar da kai.

Nan take Huseina ta tuna. Ranar Alhamis ta je wurinta gyaran jiki saboda sunan da aka yi a gidan wani abokin Musaddiq. Zouera na fara murza mata dilka ta tsaya cak ta ce, Madam, wannan fa? Ita kuma bakinta ya riga hankalinta, ta ce zamewa ta yi a banɗaki.

“Zauna nan kusa da ni,” Anti ta ce.

Ta zauna.

“Huseina.” Muryar Musaddiq a dashe take. “Kira na aka yi aka ce in zo maza, a kanki ne. Na ɗauka hatsari kika yi. Na bar inji a buɗe na taho. Don Allah ki faɗa musu...”

“Kada ka tsare ta da ido,” Anti ta katse shi. “A gidana take.”

“Anti, wallahi tallahi...”

“Na ji rantsuwarka tun ɗazu, Injiniya. Ta ishe ni haka.” Ta juyo. “'Yata, kalle ni. Tun yaushe yake dukan ki?”

Huseina ta ɗago da sauri.

“Duka kuma, Anti?”

“Ki yi min gahara, Madam,” Zouera ta ce ba ta ɗago ba. “Kwana biyar ban samu lahiyar raina ba. Ni ma na yi aure irin wannan a Zinder, babu wanda ya tambaye ni. Na ce ba ni yin shiru in ɗau alhaki.”

“Ai na gaya miki zamewa na yi.”

Anti ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

“Shekara sha tara ina emergency. Kin san mata nawa suka gaya min sun zame a banɗaki? Mai zamewa a gwiwa take bugewa, ko a ƙugu, ko a goshi. Ba ta bugewa a cikin cinya. Ba ta bugewa a ƙasan damtse, inda ake damƙar mutum. Kuma ba ta zamewa duk sati, wani ya yi baƙi, wani ya yi ɗorawa, wani sabo. Naɗe hannun rigarki.”

“Anti don Allah.”

“Naɗe.”

Ta naɗe. Anti ta ɗaga hannun sama ta juya shi wajen haske.

Musaddiq ya miƙe tsaye.

Huseina ta ga fuskarsa, ta kuma san ba za ta manta da ita ba. Kallon damtsen yake kamar na wata mace da bai sani ba.

“Mene ne wannan?”

“Au,” Anti ta ce, “tambaya ma kake?”

“Wa ya taɓa ki?” Ya matso. “Huseina, wa ya taɓa ki? Direba ne? A benenmu ne? Wa kike gani in na fita?”

“Koma ka zauna!”

“Anti, matata ce!”

“Yanzu ka tuna?”

Ya koma ya zauna.

Anti ta ɗauko wayarta daga kan tebur ta ajiye a cinya.

“Ku saurare ni ku biyun. Uwarki amana ta ba ni, ba zan mayar mata da gawa ba. Ban kira ta ba tukuna, don na san hawan jininta. Amma ga lambarta nan. Ga kuma ta wadda ke kula da irin wannan a asibitinmu. Kai ka san ƙasar nan, Injiniya. In na danna, kafin la'asar maganar ta bar hannuna. Aikinka, iƙamarka, duk ba ni ce zan yanke ba.”

“Ban taɓa ɗaga mata hannu ba.”

“To wa ya yi?”

Duk suka juyo gare ta.

Huseina ta kalli yatsun ƙafarta. In ta yi shiru, mutumin da ko tsawa bai taɓa yi mata ba zai rasa aikin da ya yi shekara huɗu yana nema, a mayar da shi gida da sunan mai dukan mata. In ta faɗa, ta san abin da za a kira wurin. Ta san irin bidiyon da mutane suka sani na mace a jikin ƙarfe. Daga ɗakin nan maganar za ta bi kwanon lallen Zouera gida gida, ta isa Kano kafin Juma'a. Lahadi da Talata kuma shi ke nan, su koma kamar Litinin, ita da firij.

“Ina jin ki,” Anti ta ce, babban yatsanta a kan waya.

“Babu wanda ya taɓa ni.”

“Huseina.”

“Ƙarfe ne, Anti.”

“Wane ƙarfen?”

Ta buɗe baki, bayanin ya ƙi fitowa. Da wace Hausar za ta faɗe shi? Ta zuge jaka ta ciro wayarta, ta nemo bidiyon. Anti ta miƙo hannu. Huseina ta tsallake hannun, ta tashi ta je ta durƙusa a gaban Musaddiq ta ba shi.

“Yaya, wurin motsa jikin da na ce maka. Shi ne wannan.”

Ya danna.

Kiɗan ya cika falon. Sai muryar Kabtin Nuf tana ƙirga da Larabci, wahid, itnen, talata. Sai tafi. Sai dariya, wata dariya mai ƙarfi har da shiɗewa, irin wadda Huseina take yi in Hassana na kwaikwayon tafiyar malamin Islamiyyarsu. Ita kanta sai yanzu ta ji. Dariyar nan ba ta taɓa shiga gidansu na Riyad ba.

Anti da Zouera sun riga sun zagayo bayan kujerarsa.

“Kai!” Zouera ta dafe ƙirji. “Madam, ke ce can bisa kamar tuta? Hannu biyu a sake? Da mi kika riƙe?”

“Da cinya,” ta ce a hankali.

“Shi ya sa! Wallahi shi ya sa! Kuma ba ki hwaɗo ba?”

“Zouera, rufe min baki,” Anti ta ce.

Ta ja da baya ta zauna a hannun kujera. Ta cire gilashinta ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Injiniya, ka yafe ni. Na ɗauki alhakinka, na taso ka daga aiki, na gaya maka maganganu. Ka yafe ni don Allah.”

Bidiyon ya ƙare, ya sake dannawa.

Wahid, itnen, talata.

“Ke kuma,” Anti ta juyo, muryarta ta sauya. “Rawar 'yan kulob, Huseina? 'Yar Hajiya Rabi? Da ɗan kamfai?”

“Wando ne, Anti. In da tufa ƙarfen ba ya riƙe mutum.”

“Ki ji ta! Har ta zama malama!”

“Mata ne zalla. Ko mai gyaran AC zai shigo sai an tashi. Akwai likita a ajinmu, akwai wata ma da jikarta take...”

“Su Larabawa ne, ƙasarsu ce, in sun fita babu wanda ya san su. Ke fa? Mu nawa ne a garin nan? Gobe a ce matar Injiniya Musaddiq tana lilo a jikin falwaya, da wane ido zai shiga masallaci ranar Juma'a? Da wane baki zan yi wa uwarki bayani?”

“Ni dai ba ni faɗa ma kowa,” Zouera ta ce.

“Ke da kika kasa kwana biyar?”

Zouera ta koma kan kafet ta zauna.

“Me aka rage ki da shi?” Anti ta ci gaba. “Ci ko sha? Sutura? Mata nawa ke roƙon Allah ya kawo su ƙasar nan? In motsa jiki ne, ba ga injin gudu ba? Ba ga tafiya a mall ba, cikin sanyi, da abayarki?”

“Na yi tafiyar mall ɗin, Anti. Wata shida ina yi.”

“To?”

“Babu wanda ya taɓa ce min sannu.”

Anti ta mayar da wayarta kan tebur.

Huseina ba ta yi niyyar ci gaba ba. Ita ba mai magana ba ce, tun suna yara Hassana ce bakinsu. Amma yau babu Hassana.

“Ba a rage ni da komai ba. Akwai shinkafa, akwai nama, akwai AC. Amma a can in na makara minti biyar sai an turo min saƙo ina kike. A can ake kiran sunana da ƙarfi. In na shiga sai an taɓa hannuna an duba ko na shafa mai.” Ta kalli damtsenta. “Zouera minti biyar ta yi da jikina ta gani. Sati biyar ke nan suna jikina, Anti. Gado ɗaya muke kwana.”

Tana rufe baki ta so ta mayar da maganar.

Kiɗan ya tsaya. Ba ta juya ta kalle shi ba, ta kasa. Ta dai ji numfashinsa, ya ja shi da tsawo, ya sauke a hankali.

Zouera ta soma tattara ledar lallenta da ba ta buɗe ba, tana ɗaurewa tana kwancewa.

Anti Bilƙisu ta daɗe tana kallon Huseina. Faɗan ya sauka daga fuskarta, ya bar gajiya. Ta kamo hannun da har yanzu yake a naɗe, ta juya shi, wannan karon ba damtsen ta duba ba.

“Dubi gwiwarki don Allah. Kamar marainiya.”

Ta jawo durowar tebur ta ciro wata 'yar roba. Tana buɗewa ƙamshin man kaɗe ya tashi, na gida, irin na Umma. Ta lakato ta murza a tafinta ya narke, ta fara shafa mata tun daga gwiwar hannu, a hankali, tana kewaye wurin da jinin ya kwanta.

“Ba a barin jiki haka,” ta ce ƙasa ƙasa. “Ko me ake ciki.”

Idon Huseina ya cika. Rabon da wani ya shafa mata mai tun daren kamu, Hassana na yi tana tsokanarta. Ta tsaya kamar yarinya, ta miƙa ɗaya hannun da aka nema. Wani ɓangare na zuciyarta yana lissafin cewa yau Talata, kafin Lahadi man ya fita. Ɗaya ɓangaren yana tambayarta wace Lahadin.

“Za mu zauna mu ukun,” Anti ta ce, idonta a kan aikinta. “Ba yau ba, kowa ya huce. Kai ma Injiniya akwai maganar da zan gaya maka, ba ta duka ba ce, amma ba za ta yi maka daɗi ba. Ka ji ko?”

Shiru.

“Injiniya?”

Huseina ta juya.

Kujerar babu kowa. Shayin na nan yadda yake. Wayarta na ajiye a hannun kujera, fuskarta a kife.

“Yanzu ya hita,” Zouera ta ce da raɗa. “Ya ja ƙohwar sannu, kamar mai gudun tada jariri.”

Huseina ta ɗauki wayar da hannunta mai maiƙo, ta kusa suɓucewa. Ba bidiyon ne a buɗe ba. Shafin hirarsu ne, ita da shi, wanda rabin abin da ke ciki a sayo burodi ne da na kusa tasowa. A can ƙasa, minti biyu da suka wuce, an tura bidiyon daga wayarta zuwa tasa. Babu rubutu ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Layuka biyun sun riga sun yi shuɗi.

Ta tafi da sauri ta buɗe ƙofar, ba mayafi.

Lif na nan a tsaye a hawansu, bai hau shi ba. A bakin ƙofar silifan Zouera ne da nata takalmin, sai shatin ƙura guda biyu a kan tayil, inda nasa suke ɗazu.